Haruffa Talatin da Biyu

A ofishinsu ba mai kiranta da sunanta na yanka. Bi-Sawu suke ce mata, tun daga mai gadi har shugaban sashe, kuma ta amsa sunan tun tana ɓata rai har ta saba. In ka tambaye ta aikinta sai ta ce maka gyaran kwamfuta take yi, don ta huta da dogon bayani, alhali ko sukundireba ba ta taɓa riƙewa a wurin aiki ba.

Ga yadda abin yake. Duk wata manhaja da ke cikin kwamfuta, komai girman kanta, ba ta da ikon taɓa komai da hannunta. In tana son buɗe fayil, ko ajiye rubutu, ko fitar da sauti, sai ta roƙi zuciyar tsarin, wadda masu sana'ar suke kira kanel. Kamar mai zuwa tagar ofis ne da buƙata. Manhajar za ta sa lambar abin da take so a wani ɗan gurbi cikin firosesa, wanda ake ce wa rajista. Kanel ya duba, ya yi aikin ko ya ƙi, sannan ya mayar mata da amsa a wannan gurbin dai. In an ƙi, lambar amsar takan zo da ɗan layi a gabanta, kuma kowace lamba da irin dalilinta. Irin wannan kira ana yin dubbai kafin ka ƙifta ido. Aikin Bi-Sawu shi ne ta tsaya a bakin tagar nan ta rubuta duk wanda ya zo, me ya roƙa, me aka ce masa, har ta gano inda tafiya ta karkace.

Ɗakin aikinta yana hawa na uku, taga ɗaya ce kuma bangon wani gini take kallo. Akwai fanka mai ƙas-ƙas, allo biyu a kan tebur, da kofi cike da biro waɗanda duk sun daina rubutu amma ta kasa zubarwa. A tebur na gaba akwai abokin aikinta, Mai Gemu, mutum mai yawan shayi da ƙarancin gaggawa. Shi ne ya raɗa mata sunan, ranar da ta shafe sa'a shida tana bin layuka dubu arba'in har ta kamo guda ɗaya da ya hana wani asibiti buga sakamakon gwaji. Ra'ayinta a sana'ar guda ne, kuma kowa a sashen ya haddace shi: ba ta yarda da abin da manhaja ta ce ta yi, sai ta ga sawun da idonta. Ku riƙe wannan, don mai irin wannan taka-tsantsan ɗin ne kawai zai iya yin kuskuren da ta yi.

Mahaifinta tsohon mai buga tafireta ne. Shekara talatin da biyar yana buga wasiƙun ofis, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa dawo masa da takarda don kuskure ba, in ji shi. Uwata yake ce mata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Shi ya koya mata madannai tun tana 'yar shekara bakwai, ya rufe mata hannu da tawul don kada ta leƙa. Shi ya yi mata kitso mai karkata har maƙwabta suka ji tausayi suka karɓe aikin. Da ta yi aure, auren ya yi shekara biyu ya mutu ba hayaniya, shi ne ya buɗe mata ƙofa, ya karɓi jakar, bai tambaye ta komai ba sai ko ta ci abinci.

Rashin tambaya da rashin amsa duk halinsa ne. Mahaifiyarta ta rasu lokacin Bi-Sawu tana da shekara biyu da 'yan watanni, a wani gari mai nisa inda aiki ya kai mahaifinta, nesa da dangin kowa. Hoto ɗaya ya rage, kuma ko a cikinsa ta juya kai daidai lokacin ɗauka, sai kunne da gefen kumatu. Duk lokacin da Bi-Sawu ta kawo zancenta, Baba sai ya ce, "Allah ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce," sannan ya miƙe neman takalminsa ko da kuwa yana ƙafarsa. Goggo, ƙanwarsa, sau biyu kacal ta taɓa ganinta. "Doguwa ce," in ji Goggo, "kuma tana da wushirya. Ko kuwa matar babban yayanmu ce mai wushiryar? Kai, na manta." Da wannan ɗan guzurin Bi-Sawu ta kai shekara talatin da huɗu, kuma abin yana cin ta fiye da yadda take nunawa.

Ciwon suga ne ya fara cinye wa Baba ido, a hankali, har ya zama hasken taga kawai yake bambancewa. Bai zauna ya yi tagumi ba. Ta samo masa wata tsohuwar kwamfuta da manhaja mai karanta abin da aka buga da murya, ya ci gaba da rubuta wa maƙwabta takardun neman aiki da na koke, yana gyara musu magana ko ba su nema ba. Shekara takwas yana tare da muryar nan, wata murya ce ta mace mai kamar mura, har yakan yi mata faɗa in ta karanta sunan mutum ba daidai ba.

Sai kuma aka fara tsintar makullin gida a cikin firji. Ya tambayi ranar mako sau uku kafin a gama shayi. Wata rana ya fita sayen burodi a kan layinsu, mai shagon ne ya riƙo hannunsa ya dawo da shi. Likita ya yi gwaje-gwajensa, ya yi bayani a tausashe, amma ma'anar guda ce: mantuwar ba mai tafiya ba ce, gaba za ta yi ta yi.

Suna dawowa a cikin tasi, har sun wuce shataletale. Sai Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Uwata, zan rubuta miki ita."

Ba ta tambayi wa yake nufi ba. Ta san mahaifiyarta ce.

"Baki ba zai iya ba, na gwada shekara talatin," ya ce. "Amma yatsu za su iya. Sharaɗi ɗaya. Ba za ki leƙa ba sai na ce na gama. Tunda nake aiki ba wanda ya taɓa karanta min takarda tana kan inji."

"Na yi alkawari, Baba."

A makon nan tsohuwar kwamfutar ta mutu murus, kamar jira take. Bi-Sawu ta sayo sabuwa, ta ɗora manhajar, manhajar ta ce ba ta san zancen ba: da an buɗe ta sai ta rufe kanta. Masu yin ta sun daɗe da tattara kayansu, ba wanda za a tambaya. Ta gwada masa wasu guda uku na zamani, masu murya garau. Ya saurara, ya ture madannan gefe.

"Waɗannan sauri suke kamar ana korarsu. Ni ki dawo min da mai murata."

Ranar Lahadi da la'asar ta zauna a teburin falo, shi kuma yana kujerar gefe, yatsunsa a kan gwiwa suna motsi kamar sun riga sun fara. Ta bi sawun manhajar, cikin minti ashirin ta ga matsalar. Da an buɗe ta, takan aika ɗan rubutu zuwa wani ƙaramin akwatin ƙararrawa da ke jikin tsohuwar kwamfutar, irin wanda aka daina yi tuntuni. Kanel ya ce babu wannan abin a nan, ita kuma ta yi fushi ta tafi. Muryar kanta ba ta buƙatar akwatin, gaisuwa ce kawai ta al'ada.

Maganin a wurinta ba wuya. Ta rubuta wata 'yar manhaja, ta kira ta ɗan rakiya, wadda za ta riƙa tafiya tare da mai murar. Duk lokacin da aka yi kiran rubutu, ɗan rakiya zai tsayar da ita a bakin taga, ya leƙa rajista. In amsar ƙi ce, sai ya goge ta ya sa adadin haruffan da aka roƙa, wato alamar an rubuta duka. Kanel ya ce a'a, manhaja ta ji e, kowa ya kama gabansa.

Ta san ya kamata ta ƙara sharaɗi guda: a yi wannan in akwatin ƙararrawa ake nufi kawai, ban da sauran rubutu. Layi biyu ne. Amma daidai lokacin muryar ta fito daga sifika tana gaisuwa da hancinta, Baba ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin asibiti, ya ce, "Yauwa, ga mutuniyata. Tashi min a kujera, Uwata." Ta yi sauri ta rubuta a saman aikin, "na wucin gadi, a gyara," ta tashi. Duk wanda ya san masu wannan sana'a ya san ba abin da ya kai na wucin gadinsu tsawon rai.

Ta yi wasu abubuwa biyu, duka don tsantsar hankali. Na farko, ta sa rubutun ya riƙa tafiya cikin wani ɗan filashi da ta zaro daga durowa, don ko wannan kwamfutar ta mutu kamar 'yar'uwarta, aikin Baba ya tsira. Na biyu, ta bar ɗan rakiya yana rubuta kundin sawu a cikin kwamfutar: kowane kira, da amsar gaskiya, da amsar da ya musanya. Kuma bisa sabon masu sana'ar, don kada layi ya yi tsawo, kundin yakan ɗauki haruffa talatin da biyu na farkon duk abin da aka rubuta, ya sa ɗigo uku, ya wuce. Da ta tuna cewa farkon maganar Baba zai riƙa fitowa a ciki, sai ta ɗaura wa kanta cewa kundin ma ba za ta buɗe ba. Alkawari ai alkawari ne.

Wata goma sha huɗu ya yi yana bugu. Kullum bayan karin kumallo, in Goggo ta iso ita kuma tana shirin fita, sai ya cire zanen da yake rufe kwamfutar, ya ninke shi gida huɗu, ya zauna a miƙe kamar shugaban ofis na kallonsa. Yakan sa abin kunne don kada kowa ya ji, amma ƙarar madannan tana kaiwa har bakin ƙofa, kuma sau da yawa Bi-Sawu takan tsaya da takalmi ɗaya a hannu tana saurare. Kowace rana sabon fayil yake buɗewa. Bai taɓa komawa na jiya ba, don a cewarsa shi bai saba mayar da takarda kan inji bayan ya zare ta ba. In ya gama sai ya cire abin kunnen, ya danna ajiya, muryar ta ce, "An adana," shi kuma ya amsa mata, "Madalla." Sai ya kashe komai ya mayar da zane.

Wasu ranakun ta dawo ta tarar da shi da fara'a, yana tsokanar Goggo cewa shayinta ruwan wanke kofi ne. Wasu ranakun idonsa ya kumbura, ba ya cin abinci. Goggo ta taɓa jan ta kicin ta ce, "Ke, wannan rubutun zai kashe min ɗan'uwa. Yau har azahar yana bugu hawaye na zuba, ko sharewa ba ya yi." Bi-Sawu ta ji tausayinsa, amma a ƙasan ranta wani daɗi ne ya motsa, har ta ji kunyar kanta. Ta san ya iso wurin.

Duk ƙarshen wata takan zare filashin ta kwafe jakar zuwa tata kwamfutar, tana kawar da kai, ba ta duba komai sai yawan fayilolin. Sittin. Ɗari da ashirin. Ɗari biyu da hamsin. Har waje na uku ta ajiye kwafi, a ofis, cikin durowa mai makulli.

A watannin ƙarshe bugun ya ragu. Yakan daɗe hannu a kan madannai ba motsi. Sau biyu ya kira ta da sunan Goggo. Wata Alhamis ta dawo ta tarar bai rufe kwamfutar ba, yana zaune yana jiranta.

"Na gama, Uwata," ya ce. "Da ƙyar na sha. Na ji ciwon yana bina a baya, amma na riga shi."

Ta durƙusa ta riƙe hannunsa. Ta ƙi buɗewa ranar, ta ƙi washegari, don ba ta son karanta mahaifiyarta a gajiye. Ranar Asabar da hantsi ta yi wanka, ta haɗa shayi, ta zauna a ɗakinta ta buɗe jakar. Fayil ɗari uku da goma sha ɗaya.

Na farkon yarintarsa ce. Baba mutum ne mai tsari, ba zai fara labari daga tsakiya ba. Gidansu, makarantarsa, malamin da ya koya masa tafireta da bulalar rula, shugabansa na farko mai warin taba. Tana karantawa tana dariya, don ba ta taɓa sanin yana da ban dariya haka a takarda ba. Na arba'in ya kai shi garin nan mai nisa. Na arba'in da uku shafi biyu ne cur a kan wahalar samun ribin ɗin tafireta a can.

Na arba'in da huɗu ta buɗe, fari fat. Ta ce ko ranar bai rubuta komai ba ne. Na arba'in da biyar ma haka. Ta tsallaka na ɗari, na ɗari biyu, na ƙarshe. Sai a lokacin ta yi abin da take yi wa baƙi kullum a ofis, ta duba girman fayilolin. Sifili, sifili, sifili, har ƙasa. Sunaye da kwanan wata duk suna nan reras. Shi ta yi wata goma sha huɗu tana kwafewa tana kullewa a durowa.

Hannunta bai tsaya ba, shi ya san hanya. Ta je falo ta buɗe kundin sawu. Ba ta yi minti biyu ba ta gani. Mai murar ashe duk jimlar da ta karanta takan ajiye sautinta a jakar da rubutu yake, sauti kuwa cin wuri gare shi. Filashin ƙarami ne, a kwana arba'in da uku ya cika maƙil. Tun daga ranar, duk lokacin da Baba ya danna ajiya, kanel yakan buɗe fayil ɗin, sannan ya amsa kiran rubutun da ashirin da takwas mai ɗan layi a gaba, wato babu wuri. Da ba a taɓa komai ba, muryar za ta ce masa an kasa, ya kira ta, ta sauya filashi cikin minti ɗaya. Amma ɗan rakiya yana tsaye a bakin taga, yana yin abin da ta ce ya yi. Ya goge gaskiyar, ya sa adadin haruffan, muryar ta ce an adana. Sau ɗari biyu da sittin da takwas, kuma kowanne yana nan a kundin a rubuce, yana jiran wanda zai duba.

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta zauna tana kallon layin da ta rubuta da hannunta, "na wucin gadi, a gyara," har shayin ya huce.

Ranar Litinin ta kai wa Mai Gemu kwamfutar da filashin. Ya ajiye kofinsa, abin da ba ya yi wa kowa, suka yini suna tonon duk wani lungu da rubutu kan iya maƙalewa. Ba komai. Baba mai tsari ne, kullum sai ya kashe ta ya rufe da zane, abin da ke ƙwaƙwalwarta kuwa da wutar yake tafiya. Da yamma Mai Gemu ya cire tabarau ya murza ido.

"Kin san amsar tun kafin ki kawo min," ya ce a hankali.

"Na sani. So nake wani ya faɗa."

"Kowa a ɗakin nan ya taɓa yin irinsa, Bi-Sawu. Ni nawa ma sun fi a ƙirga."

"Naka uwar wa ya cinye?"

Mai Gemu ya mayar da tabarau. Ya buga mata abin da ya rage a kundin sawu a takarda, shafi bakwai. Kowane layi rana guda ce: haruffa talatin da biyu, ɗigo uku, sai adadin abin da ya ɓata.

A cikin motar haya ta karanta su, har ta wuce inda take sauka. "Na fara ganinta ne a bakin tagar", sai ɗigo uku, haruffa dubu shida. "Ba ta iya fushi ba, sai dai ta y", dubu huɗu da ɗari biyu. "Yau ban tuna komai ba. Na zauna", ɗari uku kacal. Can ƙasa, a shafi na shida, "Laifina ne da ban kai ta asibiti", dubu goma sha ɗaya. Nan ne kukan ya zo mata, a gaban mutane, wata tsohuwa da ke gefenta tana ta ba ta haƙuri ba tare da ta san na mene ne ba.

Goggo da ta ji sai ta ce, "To ba sai ki danna wani abu ya dawo ba? Ba aikinki ke nan ba?" Da ta fahimci ba dawowa, ta riƙe baki ta ce, "Kada ki faɗa masa. Me zai ƙara masa?"

Amma ta faɗa. Ta zaɓi wata safiya da kansa yake a washe, ta durƙusa a gabansa ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ba ta ɗora wa filashi ko manhaja ba.

"Wato takarda ta ƙare, ni ina ta bugu a kan robar inji," ya ce.

"Haka ne, Baba. Ni na hana a gaya maka."

Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Ya taɓa faruwa da ni, ina sabon shiga. Amma shafi ɗaya ne." Ya lalubo kanta ya dafa. "Daina kuka, Uwata. Yatsun suna nan. Sai mu sake."

Ta gyara ɗan rakiya a daƙiƙa talatin, layi biyun nan. Ta sa sabon filashi. Washegari ya cire zane, ya ninke gida huɗu, ya zauna a miƙe. Ya yi kusan sa'a guda, sannan ya buga wani abu ya ajiye. Wannan karon ta duba. Wasiƙar ofis ce, zuwa ga wani shugaban sashe da ya rasu tuntuni, ana neman ƙarin ribin da takardar kabon. Babu kuskure ko ɗaya a ciki.

Sai ta koma ga shafuka bakwai. Ta nemi hutu a ofis, ta riƙa zama kusa da shi bayan shayi, ta kunna rikodar wayarta, ta karanta masa farkon layi ko zai kama zaren. Wani lokacin yakan kama. Ta samu cewa mahaifiyarta ba ta son a taɓa mata ƙafa, kuma takan yi waƙa in tana guga. Tagar da ya fara ganinta kuwa, ranar Talata ya ce ta gidan waya ce, ranar Juma'a ya rantse ta shagon tela ce. Ta rubuta duka biyun. Layin asibiti sau ɗaya ta karanta masa, ya yini yana neman takalminsa, ba ta sake ba.

Abin da ya fi mata ciwo, ya manta ta faɗa masa. Yakan juyo da fara'a ya ce, "Kin karanta kuwa? Ya kika ga mamanki?" Sau biyu ta sake gaya masa gaskiya, sau biyu ta ga fuskarsa ta rushe kamar yau ya fara ji. A na uku ta ce, "Ina kan karantawa, Baba," ya ce ta bi a hankali, akwai wuraren da sai da ruwa a kusa.

Akwai layi ɗaya da ta yi ta tsallakewa. Shi ne mafi tsawo a cikinsu duka, haruffa dubu goma sha tara, ranar da Goggo ta ce ya yi bugu har azahar. Tana ajiye shi ne sai ranar da kansa ya fi washewa, kuma kullum sai ta ga kamar gobe za ta fi yau. Da hutun ya zo ƙarewa ta gane ranar da take jira ta riga ta wuce a baya.

Wata Laraba da yamma, rana ta sauko kan tagar falo, ya sha shayinsa har ya nemi ƙari. Ya yi wa Goggo tsiya, ya tambaya ko an kwashe shanya. Bi-Sawu ta jawo kujera, ta kunna rikoda, ta buɗe shafi na biyar.

"Baba, saurari wannan. Ranar da aka haife ki mamanki ta..."

Ta tsaya, don nan haruffan suka tsaya.

Ya karkata kai, yana murmushi irin na wanda baƙo ya kawo wa labari mai daɗi. Yatsunsa suka ɗan motsa a kan gwiwa, suka lafa.

"To, sai aka yi yaya?" ya ce. "Ci gaba mana, 'yar nan. Me ta yi?"

Ya gyara zama, ya juyo da kunnensa wajenta, yana jira.